Goslon Legas da Kasuwarka: Tambayoyi da Amsoshi kan Hanya, Apapa, Jirgin Ruwa da Rusau a Bakin Teku

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin 'yan uwanmu masu nema a Legas, daga 'yan gwarin Mile 12 zuwa direbobin tirela na Apapa, da masu shago a Idumota da Agege, har da alhazan da ke zaune a Kano suna turo kaya ta waya. Na tara su wuri ɗaya, na fara da na sama-sama kafin a shiga masu nauyi. Kuɗin mota kuwa kullum cikin canzawa yake, shi a tasha za ka ji shi.

Wai me ya sa goslon Legas, wato cunkoson motoci, ba ya ƙarewa, alhali kullum ana cikin gina gada da titi?

Ruwa ne, ɗan uwa. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma ɗan abin da take da shi ma ruwa ya cinye kaso mai yawa, ga teku ta kudu ga lagun a tsakiya ga ƙoramu ko'ina. To kuɗin yana Island, ɓangaren tsibiri, wato Marina, Balogun, Idumota, Victoria Island (VI), Ikoyi da Lekki, amma masu yi wa kuɗin aiki suna kwana a Ikorodu, Agege, Iyana Ipaja, Okoko, wasu ma har Mowe da Ibafo cikin jihar Ogun saboda tsadar haya. Manyan gadojin da suka haɗa Mainland, wato ɓangaren tudu, da Island kuma uku ne kacal: Carter, Eko, sai Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990 zamanin Babangida. Tun daga lokacin ba a ƙara ta huɗu ba, jama'a kuwa sai ninkuwa suke. Da safe kowa ya nufi gefe ɗaya, da yamma kowa ya juyo.

Sai ka ɗora sauran a kai, danfo, ƙananan bas na haya, da ke cin birki a tsakiyar titi don ɗaukar mutum ɗaya, tirelar da ta mutu a kan gada, ramuka, ruwan sama, layin mai. Tunda hanyoyin ba su da madadi, ko ɗaya aka taɓa sai garin gaba ɗaya ya ɗauka. A Afrilun 2025 da aka rufe gadar Independence ta VI don gyara, mutane sun kai tsakar dare cikin mota, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya ce a buɗe ta. Haka aka sha lokacin gyaran Third Mainland a 2020 da kuma farkon 2024. Shi ya sa ni a ganina ɗan kasuwa ya daina ɗaukar goslo a matsayin tsautsayi, ya sa shi cikin lissafi tare da kuɗin haya da man janareta.

Wane lokaci ya fi dacewa in fita, ko in tura yaro ya kai kaya?

In Island ka nufa daga Mainland, ka yi Asuba ka kama hanya, da ƙarfe 6 ta wuce an gama da kai. In hakan bai yiwu ba gara ka jira sai wajen 11 na safe. Dawowa kuma daga 4 na yamma har 9 na dare wahala ce zalla. Litinin da safe da Juma'a da yamma sun fi kowane lokaci muni, watan Disamba kuwa ba a magana, musamman hanyar Lekki.

Dabarar da ta fi ita ce ka yi tafiyar da ta saɓa wa ta jama'a. Mai kaya a Idumota da zai kai wa kwastoma a Ikeja ya fito da safe, lokacin gefensa na gadar a sake yake. Kuma kar ka yi wa mutum alkawarin awa, yi masa alkawarin yini, "kafin La'asar insha Allahu" ya fi "ƙarfe 2 daidai" amfani a garin nan. Google Maps yana taimakawa sosai, haka rediyon gwamnatin jiha na rahoton hanya a 96.1 FM.

Ina kawo kayan gwari daga Arewa zuwa Mile 12. Gaskiya ne akwai lokacin da aka hana tirela shiga gari?

Akwai. Dokar hanya ta jihar Legas ta 2012 ta ce tirela ba za ta yi yawo cikin birni tsakanin 6 na safe da 9 na dare ba, aka ware tankokin mai da manyan motocin fasinja. Aiki da dokar ne yake tafiya kamar zazzaɓin damina, yau ya kwanta gobe ya tashi, musamman duk ranar da kwantena ta faɗo wa mutane kamar yadda ta faru a gadar Ojuelegba a Janairun 2023. Don haka kar direbanka ya ce ai jiya ya wuce da rana ba wanda ya tanka masa.

Ga ɗan gwari ma dai shigar dare ita ce riba. Tumatur ɗin da aka ɗora a Kwanar Gafan ko Ɗanja ya riga ya yi tafiyar kilomita kusan dubu cikin zafi, in ya zo ya maƙale a Long Bridge ko Berger da rana tsaka kwandunan ƙasa sun zama ruwa kafin a sauke, kuma in mota ta iso bayan masu sari sun watse farashin safe ya wuce ka. A tsara tafiya yadda za a baro Ibadan da dare a shigo kasuwa kafin Asuba. Masu amfani da kiret na roba a maimakon kwando suna samun sauƙin asara, don kiret ba ya danne na ƙasa, matsalarsa ɗaya ce, mayar da shi Arewa fanko shi ma kuɗi ne.

An ce an hana okada, wato acaɓa. A ina da ina, kuma yaya masu shago suke aika kaya yanzu?

Abin ya zo hawa-hawa. Dokar 2012 ta hana su manyan tituna 475. A Fabrairun 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada da keke a tsakiyar birni, lokacin ne kamfanoni irin su Gokada suka bar ɗaukar mutane suka koma kai saƙo. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake jaddada hanin a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A Satumban shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin. Ka lura Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin, wato daidai inda mutanenmu suka fi yawa. Mashin ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, kuma doka ta hau kan fasinja ma ba mai tuƙi kaɗai ba.

Ba sai an faɗa ba, yaranmu ne suka fi jin jiki, wasu sun koma gida, wasu sun koma gefen gari irin su Ikorodu, Alimosho da Ojo. Masu shago kuma sun rasa hanyar aika abu cikin gaggawa. Abin da ya rage shi ne mashin ɗin kai saƙo mai akwati a baya, wanda aka yi wa rajista da sunan kamfani, shi an bar shi ya yi aiki amma ba ya ɗaukar mutum. In kana da yaro mai mashin kana son taimakonsa, Alhaji, gara ku bi ta wannan hanya da takardu cikakku, da ya riƙa wasan ɓuya da 'yan Task Force.

Su waye masu tare mota a hanya, kuma wanne laifi ne ya fi tsada?

LASTMA masu riga ruwan ɗorawa su ne na kula da zirga-zirga, an kafa su a 2000 zamanin Tinubu yana gwamna. Akwai VIO masu duba takardu da lafiyar mota, yanzu ma kyamara ke yi musu rabin aikin, sai dai ka ga saƙon tara ya shigo wayarka. Akwai Task Force da kotun tafi-da-gidanka, sai FRSC a titunan tarayya. Laifin da ya fi kowanne shi ne wanwe, wato bin hannun da ba naka ba, don ƙarƙashin dokar sufuri ta 2018 kotu na iya ƙwace motar kacokan, kuma ba barazana ba ce, a 2022 an yi gwanjon motoci sama da 100 a bainar jama'a. Na biyu shiga layin BRT, wato hannun titi da aka keɓe wa manyan bas na gwamnati. Na uku fakin a inda bai dace ba don sauke kaya, minti biyar ya isa a janye maka mota. Direba baƙo ya fi faɗawa tarkon wanwe saboda wasu titunan babu allo a bayyane, in ka ga duk motoci suna fuskantarka ba ka ga bayan ko ɗaya ba, tsaya ka tambaya.

Agbero daban ne, su 'yan kamashon tasha ne ba ma'aikatan gwamnati ba. A 2022 gwamnati ta fito da harajin naira 800 a rana don a haɗe kuɗaɗen da ake karɓa wajen direbobin haya, amma kuɗin ƙungiya na tasha-tasha bai tsaya ba, kuma a ƙarshe a kan kuɗin motarka da na dakon kayanka yake sauka.

BRT da jirgin ƙasa, suna da wani amfani ga ɗan kasuwa ko na ma'aikatan ofis ne kawai?

Amfaninsu a jikinka ne da na yaranka, ba a kayanka ba. BRT ta fara a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, daga baya ta kai Ikorodu, a 2020 aka buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba. Jirgin Blue Line mai lantarki ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya ratsa National Theatre, Orile Iganmu da Suru Alaba, tafiyar da kan cinye awa biyu a mota ba ta kai rabin awa a ciki. Ana kan aikin ƙarasa shi zuwa Okokomaiko, ranar da ya kai can 'yan Trade Fair da Alaba za su sha iska. Red Line kuma daga Agbado zuwa Oyingbo, ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, ya fara aiki a Oktoban 2024. Shi ya fi shafar mutanen Agege, sai dai yana raba layin dogo da jirgin Legas zuwa Ibadan, don haka zuwansa ba a kai a kai ba ne, sai ka san jadawali.

Duka da katin Cowry ake biya, ka sa kuɗi a ciki tun kafin ka iso layi. Jaka ko ɗan kwali za ka shiga da shi, amma buhu ko dila ba wurinsu ba ne. Masu wayo abin da suke yi shi ne su tura kaya da mota tun dare, su kuma su bi jirgi da safe su tarar da su.

Jirgin ruwa fa? Gaskiya ni tsoron ruwa nake.

Ba kai kaɗai ba ne, yawancinmu mun taso inda babban ruwa shi ne kududdufin bayan gari. Amma daga tashar Ipakodo ta Ikorodu zuwa Ebute Ero ko Falomo ba ya kai awa guda, a mota kuwa da safe Allah kaɗai ya san lokacin isarka. Akwai tashoshi a CMS, Liverpool ta Apapa, Badore ta wajen Ajah, da Five Cowries a Falomo. LAGFERRY na gwamnatin jiha ne, jiragensa sun fi girma da natsuwa, sauran na 'yan kasuwa ne masu gudu kuma sun fi yawa. Hukumar LASWA da aka kafa a 2008 ita ke sa ido. Kuɗinsa ya fi na mota, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara hawa, saboda injinan fetur suke sha ba kaɗan ba.

Hatsarin da ake ji yawanci abu uku ne ke kawo shi: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Ka sa rigar ka ɗaure ta sosai, kar ka hau jirgin da ya tashi bayan Magariba, kar ka hau a wurin da ba tasha ba. Wajen ƙarshen shekara kuma kainuwa kan rufe ruwan Ikorodu ta riƙa naɗe farfelar inji. Akwai shirin Omi Eko na Yuro miliyan 410 da tallafin Faransa da Tarayyar Turai, wanda aka ce zai kawo jirage masu lantarki sama da 70 a hanyoyi 15, in ya tabbata lissafin inda ya kamata mutum ya kama shago zai canza, duba tambayar kama shago a ƙasa.

Me ke faruwa a Apapa ne har direba zai yi kwanaki a layi? Kuma mene ne Eto?

Apapa tashoshin jiragen ruwa biyu ne manya, Apapa kanta da Tin Can Island da aka buɗe a 1977, ga kuma dafo-dafo na mai jere a gefensu, duk a bakin hanyoyi biyu kacal, ta Ijora da ta Mile 2. Da can jirgin ƙasa da bututu ke kwashe kaya da mai, da suka lalace komai ya dawo kan tirela da tanka. Da aka ba 'yan kasuwa tashoshin a 2006 kuma wuraren da motoci ke fakin a ciki suka tafi, titi ya zama gareji. Wajen 2017 zuwa 2020 abin ya kai layin tirela yana hawa gadar Eko ya miƙe har Ikorodu Road, direba da yaron mota su yi sati biyu suna kwana ƙarƙashin mota suna wanka a bakin kwata. Otal-otal da ofisoshi da shaguna da dama sun bar Apapa a shekarun nan.

Eto manhaja ce da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta NPA ta kawo a Fabrairun 2021 tare da kamfanin Trucks Transit Parks. Mai mota zai yi rajista, motar ta shiga garejin da aka amince da shi, kamar Lilypond a Ijora, ta zauna can sai an kira ta sannan ta nufi get da tikitinta. Tare da kankare da Dangote ya zuba a hanyar Apapa zuwa Oshodi, an samu sauƙi na gaske, wanda ya ga Apapa ta 2018 ba zai musa ba. Amma ba a rabu da Bukar ba, 'yan bumburutun tikiti sun shigo, shingayen karɓar kuɗi ba su ƙare ba, kuma ranar da netwok ya faɗi ko wata tasha ta yi jinkiri layi ya dawo. Shawara ga mai mota: rajistar ta kasance da sunanka da lambar motarka, kar ka hau tikitin wata mota don an ce ya fi sauri, in aka kama motar ce za a dakatar.

Kwantenata ta iso, zan kai ta Kano. Ina kuɗi ya fi zurarewa?

A jinkiri. Kamfanin jirgi yana ba ka 'yan kwanaki kyauta, da sun ƙare damarej, wato tarar jinkiri, ya fara, ita ma tasha tana cajin kuɗin ajiya, kuma duka biyun ƙaruwa suke yadda kwanaki ke tafiya. Bayan an fitar ma ba ka huta ba, akwai kuɗin jingina da ka bayar kan kwantenar, in ba a dawo da fankon a kan lokaci ba daga ciki za a yanka. Shi ya sa da yawa suke sauke kaya a Legas su juye cikin wata tirela, fanko ya koma tun da wuri, maimakon a kai shi Kano a dawo da shi. Ka sa ejan ɗinka ya gama takardun Kwastan tun jirgi bai iso ba, ka kuma nemi ya nuna maka rasit na kowane abu, kar ka yarda da jimla ɗaya a baki.

Akwai baji da ke ɗaukar kwantena ta ruwa zuwa Ikorodu ko Mile 2 don a kauce wa get ɗin Apapa. Akwai kuma tashoshin tudu, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, waɗanda manufarsu kaya su wuce kai tsaye a yi kiliyarin a Arewa. Tunani ne mai kyau, abin da ke riƙe shi jirgin ƙasa, sabon layin dogo daga Apapa a Ibadan ya tsaya, tsohon ƙaramin layin da ke kaiwa Kano kuwa ba abin dogaro ba ne ga mai sauri.

Sabuwar tashar Lekki da matatar Dangote ba za su rage wa Apapa nauyi ba?

Suna ragewa, amma nauyin wuri kawai ya canza. Tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a 2023, matatar Dangote da aka gina don tace ganga 650,000 a rana tana kusa da ita, ga kamfanin taki ga yankin ciniki na Lekki, duk a Ibeju-Lekki, kuma babu layin dogo da ya kai can. Mota ko dai ta bi ta Ajah ta kutsa cikin gari, ko ta bi Eleko zuwa Epe ta fita Ijebu Ode. Ga mai zuwa Arewa ta Epe ita ce hanya, ba ruwansa da Third Mainland sam. Gwamnatin jiha ta kawo tsarin kiran mota irin na Eto a hanyar, har aka yi ta ja-in-ja da ƙungiyoyin masu tanka kan kuɗinsa a 2025. Yadda tsarin yake aiki, duba amsar Apapa a sama.

Titin bakin teku da Eko Atlantic, akwai abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai samu?

Eko Atlantic ƙasa ce da aka cike da yashi a inda Bar Beach take a da, aka kare ta da katangar duwatsu mai kilomita 8.5, Amurka ma a can take gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta. Ba a yi ta don mai tebur ba, magana ta gaskiya. Titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba kuma kilomita kusan 700 ne, an fara shi a Maris 2024 daga Ahmadu Bello Way a VI, kamfanin Hitech ke yi, an buɗe wani ɓangare na kashin farko a Mayun 2025. Zai rage wa hanyar Lekki zuwa Epe nauyi, wannan kam alheri ne ga duk mai kai kaya Ajah da Sangotedo.

Amma ka tuna yadda ya fara. A Afrilun 2024 aka rushe Landmark Beach, mai wurin babban ɗan kasuwa ne har duniya ta ji kukansa, to ina ga masu suya da masu dawakin haya da 'yan shayi da ke ci a gefen irin wuraren nan, su ko sunansu bai shiga lissafi ba. Inda ƙaramin mutum ke samu shi ne lokacin gini: abincin lebura, ruwa, gadi, dakon yashi da dutse, canji. Ciniki ne mai kyau amma na wucin gadi, a yi shi da rumfar da za a iya ɗagawa rana ɗaya, kar a zuba bulo.

An yi min tayin fili ko shago kusa da ruwa da araha. In saya?

Arahar nan ita ce abin tsoro. Tarihin bakin ruwan Legas tarihin rusau ne. Maroko a Yulin 1990 zamanin Raji Rasaki, mutum kusan 300,000 aka tasa, yau wurin ya zama unguwar masu kuɗi ta Oniru. Wani ɓangaren Makoko a 2012. Otodo Gbame tsakanin 2016 da 2017, kusan mutum 30,000, kotu ma ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki amma gidajen sun riga sun tafi. Tarkwa Bay a Janairun 2020. Duk inda ruwa yake kusa da kuɗi, wata rana za a zo.

Ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take. Rasit ɗin omo onile, wato 'ya'yan masu gari, ba ya kare ka shi kaɗai. Abin da ake nema shi ne C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, ko amincewar gwamna in daga hannun wani ka saya, ko gazet da ke nuna gwamnati ta sakar wa ƙauyen wannan yanki. Ka ɗauki safiyo naka na kanka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki lambobin filin a duba a ofishin babban safiyo da ke Alausa ko yana cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe ko kan hanyar wani titi. Sannan akwai tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da teku, lagun ko magudanar ruwa, in ka shiga cikinta ko da takarda hukumar kula da gine-gine ta LASBCA za ta iya shafa maka jan fenti na rusau.

In haya ce, ka sani diyya in ma an biya mai gini ake ba, ɗan haya sai dai ya kwashe kayansa. Kar ka biya shekara biyu gaba a irin wurin nan, kuma a rubuta yarjejeniya gaban lauya, ba "ai mun san juna" ba.

Wa ke da iko da bakin ruwa, jiha ko tarayya? Kowa na zuwa da rasit ɗinsa.

Rigima ce tsohuwa. Dokar hukumar NIWA ta tarayya ta ba ta iko da hanyoyin ruwa har da mita 100 daga gaɓa, jihar Legas kuma tana da LASWA da ma'aikata guda ta raya bakin ruwa. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba NIWA gaskiya kan lasisi da haraji a hanyoyin ruwa. Duk da haka izinin gini na jiha ne. Mai haƙar yashi, mai jeti, mai wurin shaƙatawa a gaɓa, ya shirya hulɗa da ɓangarorin biyu, ya biya ta banki, ya adana kowace takarda.

Kasa kaya a gefen titi ko ƙarƙashin gada fa, tunda nan ne jama'a suke?

Nan ne ciniki yake, ba musu, goslo kansa kasuwa ce ga masu talla. Amma doka ta hana, a 2016 zamanin Ambode aka sanar da tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari, ga mai sayarwa da mai saye, kuma 'yan KAI, jami'an tsaftar gari na jiha, suna kwashe kaya ba tare da dogon zance ba. Ƙarƙashin gada kuwa tun gobarar Apongbon ta Maris 2022, wadda ta ƙona ƙasan gadar Eko ta jawo rufe wannan ɓangare sama da shekara, gwamnati ta sa ido sosai, an tashi mutane a Obalende da Ijora da wasu wurare. Ko babbar kasuwa ba ta tsira ba, Alaba Rago da mutanenmu suka shekara da shekaru a ciki an ba ta takardar tashi a 2022. Wanda ke cikin ƙungiyar kasuwa mai rajista, Sarkin Hausawan yankin ya san da shi, ya fi samun labari da wuri da kuma wanda zai yi magana a madadinsa.

Damina tana shafar harkar sosai?

Sosai ma. Ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. VI, Lekki da Ajah kusan daidai suke da teku, in ruwan sama ya haɗu da cikowar teku kwata ba ta da inda za ta zubar, sai titi ya zama kogi na wasu awanni. Ta wajen Kara, Isheri, Agiliti da Owode kuma matsalar kogin Ogun ce, in aka saki ruwan dam ɗin Oyan ko ba a yi ruwan sama ba sai ka ga ya shigo. Mai sito ya ɗora kaya kan katako, shinkafa da suga da siminti kar su taɓa ƙasa. Kafin ka kama wuri duba bangon maƙwabta, layin da ruwan bara ya bari yana nan.

To a ina ya fi in kama shago, Island ko Mainland? Kuma in jira Fourth Mainland Bridge, gada ta huɗu da ake shirin ginawa?

Ya danganta da wa ke zuwa wajen wa. In kwastomanka 'yan sari ne masu zuwa da ƙafarsu, kamar atamfa da leshi a Balogun ko kayan lantarki a Alaba, dole ka zauna inda aka san kayan, amma sito ya kasance a Mainland inda tirela za ta iya juyawa, ka riƙa shigo da kaɗan-kaɗan da sassafe. In kai ne mai kaiwa, kamar masu sayarwa ta WhatsApp da Instagram, nemi tsakiya irin Yaba, Oshodi, Ikeja ko Ojota, kusa da tashar jirgi ko BRT. Hajiya mai turaren wuta ko kilishi da ke aikawa daga gida, ki raba kuɗin kai saƙo gida-gida, Mainland daban, Island daban, bayan Ajah daban, in kika sa kuɗi ɗaya ribar Surulere ce za ta riƙa biyan hanyar Sangotedo. Ka kuma lissafa inda yaran shago ke kwana, yaron da ke tashi ƙarfe 4 daga Ikorodu ba zai daɗe yana buɗe maka shago ƙarfe 8 a Lekki ba.

Fourth Mainland kuwa, wadda za ta haɗa Ajah da Ikorodu ta fita hanyar Ibadan, kusan kilomita 37, tun zamanin Tinubu yana gwamna ake maganarta, a ƙarshen 2022 har an sanar da kamfanin Chaina da ya ci kwangila. Haka jirgin Green Line daga Marina zuwa yankin ciniki na Lekki. Dillalan fili sun daɗe suna sayar da ƙasa da sunan ayyukan nan biyu. In kana da rarar kuɗin da za ka manta da su shekara goma, kuma filin ya tsallake binciken da na faɗa a amsar fili kusa da ruwa, bismillah. In kuwa jarin da kake juyawa ne, ka kama shago bisa hanyar da mota ke bi yau.